Tarihin Yanke Kuɗin Ciyar da Yaro Bayan Mutuwar Aure a Birnin Zariya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata tambaya wadda alƙalan birnin Zariya suka daɗe suna fama da ita, watau idan aure ya mutu alhali akwai ɗa a tsakani, me ya kamata uba ya riƙa bayarwa don ciyar da shi, kuma da wane ma'auni za a auna? Za a yi ƙoƙarin nuna cewa hukuncin da ke cikin littattafai yana nan yadda yake tun kafin jihadi, amma matsayin yaro a cikin gida da darajar abin da ake biya da shi sun sauya ƙwarai.

Abin da Littattafai Suka Tanada

Tun daga lokacin da Malam Musa ya karɓi mulkin Zazzau a farkon ƙarni na 19, alƙali ya zama ɗaya daga cikin manyan malamai masu riƙe da sarauta, tare da irin su Limamin Juma da Limamin Kona da Salanke. Ko a ginin Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya yi a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), an keɓe wa shari'a ɗakinta. Littattafan da ake hukunci da su kuwa su ne waɗanda ake karantawa a zaurukan Juma da Kona: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shaihu Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, dukkansu bisa mazhabar Malikiyya.

A wannan mazhaba an raba abu biyu da jama'a kan haɗa. Na farko shi ne riƙon yaro, wanda haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wani bare, riƙo ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye, sai ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro kan dangin uba. Na biyu shi ne nafaƙa, watau ci da sha da tufa da wurin kwana, wadda ke wuyan uba shi kaɗai muddin yana da hali. Ko uwa tana da dukiya, Malikawa ba su ɗora mata ba. Mai riƙo ita ce ke karɓar nafaƙar, kuma ba a yarda uba ya ce a riƙa turo masa yaro ya ci a gidansa ba. Matar da aka saka saki na yanke tana da ladan shayarwa, mai ciki kuma tana da ciyarwa har ta haihu. Asalin waɗannan duka yana cikin aya ta 233 ta Suratul Baƙara da aya ta 6 da ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙi.

Abin lura shi ne babu adadi a ko'ina. An bar wa alƙali ya duba ƙarfin uba da al'adar gari da tsadar kaya, ya yanke a riƙa bayarwa kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ko dai abincin kansa ko kuwa kuɗinsa. Akwai kuma wata ƙa'ida mai nauyi: nafaƙar yaro ta kwanakin da suka wuce tana faɗuwa, sai fa in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuwa wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. Ke nan uwar da kunya ta hana ta kai ƙara, ta yi shekara uku tana ciyarwa daga ɗinkin hularta, da wuya ta ga abin da ta kashe.

Yadda Al'ada ta Kauce wa Lissafi

Duk da wannan tanadi, a aikace Bahaushen Zazzau ya ɗauka ɗa na uba ne. Mace takan fita da goyonta, amma da zarar an yi yaye, watau wajen shekara biyu, sai dangin uba su aiko a karɓe shi, a ba kaka ko gwaggo ko matar uba. Ita kuma bazawara ba ta daɗewa a gidan iyayenta, kuma ba kowane miji ke son agola ba. Bayanin da M. G. Smith ya tattara a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, da labarin Baba ta Karo wanda matarsa Mary Smith ta rubuta a Giwa aka buga a 1954, sun nuna yawan mutuwar aure da yaɗuwar riƙo tsakanin dangi. Ita kanta Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan da aka ba ta.

A ganina, dalilin wannan al'ada bai tsaya ga son kai na maza kawai ba. A wancan zamani yaro hannu ne. Namiji yana shiga gandu, ko ya zauna gaban mahaifinsa a zaure yana koyon ɗinkin riga ko jima ko ƙira. Mace kuwa ita ce ƙafar matar kulle, ita ke kai mata talla. Wanda ya riƙe yaro ya ciyar da shi daga rumbu, ya kuma ci moriyarsa. Saboda haka gardamar takan tsaya a kan wa zai riƙe, ba a cika kai wa ga nawa za a biya ba. Abin da ya rage a lissafa shi ne na watannin shayarwa, shi ma da 'yan mudun dawa ko wuri kaɗan an gama.

Zuwan Turawa da Abin da ya Biyo Baya

Turawa sun shiga Zariya a 1902, kuma dokar kotunan gargajiya ta 1906 ta bar wa alƙalai sha'anin aure da gado. Ba su taɓa hukuncin ba, har ma a 1916 aka buga wa jami'ansu taƙaitaccen Muhtasar da Ingilishi, aikin F. H. Ruxton. Abin da suka kawo shi ne albashin alƙali, da rubuta shari'a a littafi, da kuɗin ƙarfe da ya kori wuri, da jirgin ƙasa da cinikin auduga. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 ta soma yaye alƙalai da muhutai masu bin nassi fiye da al'ada. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, sa'an nan a 1968 aka cire kotuna daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. Dokar aure ta 1970 ba ta shafi auren Musulunci ba, don haka ba ruwanta da akasarin mutanen cikin ganuwa. A 2001 Jihar Kaduna ta kafa kotunan shari'a a madadin na yanki, a 2018 kuma ta yi dokar kare haƙƙin yara.

Sauyin da ya fi waɗannan duka tasiri bai fito daga kotu ba. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwashe yara daga gona da zaure, ya kai su aji. A da abin da makaranta ke ci bai wuce kuɗin Laraba da sadakar sauka ba. Daga baya sai ga riga da littafi da kuɗin jarrabawa da na asibiti. Yaron da dā ake rububinsa ya zama nauyi na shekara goma sha. Daga nan ne tambayar ta juya: maimakon uba ya zo neman a ba shi ɗansa, sai uwa ta zo neman a tilasta masa ya ciyar.

Matsalar Ma'auni

Nan ne gizo yake saƙa. Da aka koma yanke nafaƙa da kuɗi tsantsa, sai hukunci ya zama abu mai ruɓewa. Naira ta maye gurbin fam a 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya da tashin farashi, haka kuma matakan tsuke bakin aljihu na 1986, da janye tallafin mai a 2023. Mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a 1981, ya zama 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Alal misali, yarinyar da aka haifa a 2011 aka yanke mata nafaƙa tana goye, ba ta wuce shekara 13 ba a 2024, tana nan a hannun uwa, alhali gwamnati da kanta ta ninka ma'auninta kusan sau huɗu. Hukuncin da ya yi adalci ranar da aka karanta shi ya koma zalunci ba tare da kowa ya saɓa masa ba.

Sa'an nan akwai wahalar sanin ƙarfin uba. Malamin jami'a a Samaru ko ma'aikacin asibiti a Shika, takardar albashinsa ta isa shaida. Amma maɗinki a Kwarbai ko ɗan kasuwa wanda cinikinsa ke bin kaka da salla, ba shi da takarda. Sai rantsuwa da shaidar maƙwabta, waɗanda su ma sau da yawa danginsa ne. Ga kuma sauran iyalinsa: mutum mai mata biyu da 'ya'ya tara, idan aka yanke wa ɗan sakakkiya abin da ya fi na 'yan'uwansa an tauye na gida, idan kuma aka raba daidai an manta cewa tukunyar mutum biyu ta fi tukunyar gandu tsada a kan kowane baki.

Ƙasashen Malikawa na Arewacin Afirka sun taɓo wannan matsala ta hanyar doka. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 wanda ke biyan uwa idan uba ya ƙi, hukuma ta bi shi bashi. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ware kuɗin wurin kwana daban da nafaƙa, ta kuma ba da damar sake duba adadin bayan shekara guda. Mu kuwa ba ma bukatar mu yi nisa, domin zaɓin da malaman Muhtasar suka ba alƙali tsakanin abinci da kuɗinsa yana nan bai mutu ba. Ba abin da zai hana a rubuta hukunci da mudu kaza na masara da shinkafa a wata, da kwalbar mai, da tufa biyu a shekara, a ce a biya da farashin kasuwar birni na ranar biya, kuɗin makaranta da na magani kuwa uba ya kai su da kansa ya kawo rasit ga magatakardan kotu.