Farfaɗo da Gidan Zuma Bayan Ɓarnar Yanayi a Birnin Katsina da Kewaye

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin farfaɗo da gidan ƙudan zuma da iska ko ruwa ko zafi ya raunana a birnin Katsina da kewayensa. Ta dogara da abin da ilimin halittar ƙudan zuma ya tabbatar, sannan ta auna shi da yanayin yankin. Matsayarta ita ce, zumar wannan ƙasa ba ta cika zama ta mutu a amya ba, tashi take yi, don haka aikin mai kiwo na farko shi ne hana ta ƙaura.

1.0 Gabatarwa

Ruwan da Katsina ke samu a shekara kimanin milimita 600 ne, galibinsa daga Yuni zuwa Satumba. Kafin ya sauka, bazara kan kai zafi sama da digiri 40, hadarin farko kuma da iska yake zuwa, wadda kan jefo amya daga reshen gawo ko ɗorawa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a wannan shiyya.

Yawancin littattafan kiwon zuma a Turai da Amurka aka rubuta su, inda babban abokin gaba sanyi ne, ƙudan kuma kan dunƙule su jira wucewarsa. Zumar Afirka ta Yamma, wato Apis mellifera adansonii, ba haka take ba. Da abinci ya yanke ko gida ya ɓaci, sai ta kwashe gaba ɗaya ta nemi wani wuri. Wanda ya bi waɗancan littattafan ido rufe, yakan tarar da amya wayam.

2.0 Lissafin Kwanaki

Daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya kwana 21 ne, ita kuma a lokacin aiki ba ta cika wuce mako shida a duniya ba. 'Ya'yan da ke cikin saƙa na bukatar ɗumi na digiri 34 zuwa 35, ba sama ba ƙasa. Ruwa ya jiƙa saƙa, sanyi ya kashe su; rana ta bugi amya, kaki ya yi laushi, saƙar da ta yi nauyi da zuma ta zube a kansu. Ko da sarauniya ta ci gaba da ƙwai washegari, gidan zai yi mako uku tsofaffi na ƙarewa ba masu maye gurbinsu.

A wannan tsakani ne maƙiya ke shigowa. Tururuwa da kwarkwasa na bin ƙamshin zumar da ta zube. Asun saƙa, Galleria mellonella, da ƙwaron amya, Aethina tumida, na yin ƙwai a saƙar da babu ƙuda a kanta. Gida mai ƙarfi yana korar su. Raunanne sai dai ya bar musu.

3.0 Matakan Gyara

A fara da ɗaga amyar tun ranar da ta faɗi, a mayar da ita inda take, domin masu fita kiwo wurin suka sani. A yi aikin da yamma, da hayaƙi kaɗan, ba da wutar kara ba. Saƙar da ta jiƙe ko ta farfashe a fitar da ita duka, kada a ji ƙyashin asararta. Wadda ke da 'ya'ya masu rai a ɗaure ta da zare a sandar da take rataye a kai, ƙudan za su like ta da kansu.

Daga nan sai a rage faɗin ɗaki da katako, a tsuke ƙofa, ta yadda 'yan ƙudan da suka rage za su iya tsaron abin da ke hannunsu. Ba sai an ga sarauniya ido da ido ba: ƙwai kan ƙyanƙyashe ne bayan kwana uku, don haka ganinsa shaida ce tana nan. In babu, a aro saƙa mai sabon ƙwai daga gida mai ƙarfi, su reni wata, wadda ke fitowa cikin kimanin kwana 16 daga ƙwai. In ƙudan sun yi ƙaranci ƙwarai, haɗa gidan da wani ya fi.

Ciyarwa kuwa, sukari da ruwa awo ɗaya ɗaya, a ajiye a cikin amya da magariba. Ajiye shi a fili gayyatar ɓarayi ce daga gidajen maƙwabta. A bazara ruwan sha ya fi sukari muhimmanci, domin da shi suke sanyaya gida. A aje kasko a inuwa, a jefa tsinke ko kara don kada su nutse, hakan zai rage musu zuwa lambunan bakin rafin Ginzo, inda feshin maganin ƙwari ke iya ƙarasa su.

4.0 Amya da Lokacin Cire Zuma

Amyar gargajiya ta ciyawa da kashin shanu tana da araha, tana kuma tare zafi, amma ba a iya duba saƙarta ɗaya bayan ɗaya, saboda haka rabin matakan nan ba sa yiwuwa a cikinta. Akwatin Kenya mai sanduna, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, yana ba da wannan dama, kuma kafinta na iya haɗa shi.

Sai dai akwati kaɗai ba magani ba ne. Furen ɗorawa da mangwaro da bedi a rani yake, shi ya sa ake cire zuma gab da damina. Hadarin farko kan tarar da gidan da aka riga aka yashe, marka kuma ta hana shi fita kiwo. A ganin wannan maƙala, wannan yashewar ta fi iskar kanta laifi. Ya kamata malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, wato KTARDA, da masu bincike a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su sa batun barin wa ƙuda wani kaso na zumarsu, da ɗaure amya kafin watan Mayu, a gaban duk wani horo da za a ba masu kiwo.