Ficewar kamfanonin ƙetare daga Rasha

Ficewar kamfanonin ƙetare daga Rasha ta fara ne bayan sojojin ƙasar sun kutsa Yukiren a ranar 24 ga Fabrairu 2022, lokacin da Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya suka ƙaƙaba mata takunkumi. Kwana uku da ɓarkewar yaƙin, kamfanin mai na BP ya bayyana zai rabu da hannun jarinsa na kashi 19.75 cikin ɗari a kamfanin man Rasha, Rosneft. McDonald's, wanda ya buɗe gidan abincinsa na farko a Mosko a 1990, ya rufe kusan rassa 850, sannan ya sayar da su ga ɗan kasuwar Rasha Alexander Govor.

Fitar ta fi shigar wuya. Gwamnatin Rasha ta sa dole sai wani kwamitinta ya amince kafin a yi ciniki, ta kuma tilasta a karya farashin kadara da aƙalla rabi, a biya baitulmalinta wani kaso a kai. Renault ya miƙa hannun jarinsa a kamfanin motoci na AvtoVAZ a kan rubul ɗaya tak, da sharaɗin zai iya sake saye cikin shekara shida, Heineken kuma ya sayar da kasuwancinsa na Rasha a kan yuro ɗaya a 2023. A Yulin shekarar ne gwamnati ta ƙwace ragamar rassan Danone da Carlsberg. Abin takaici shi ne dubban ma'aikata 'yan ƙasa sun wayi gari a hannun sababbin masu gida ba tare da an tambayi ra'ayinsu ba.