Finafinan Bala'i: Tarihinsu da Kewarsu a Zuru da Sauran Garuruwan Arewa

Finafinan bala'i su ne waɗanda aka gina labarinsu a kan wata musiba da ta fi ƙarfin ɗan Adam, kamar girgizar ƙasa, ambaliya, guguwa, aman wutar dutse, ko faɗowar dutse daga sararin samaniya. Akan sa gobara da nutsewar jirgi a cikinsu, ko da yake waɗannan da hannun mutum. Zubinsu kusan ɗaya ne: a nuna jama'a suna harkokinsu, wani masani ya yi gargaɗi a ƙi saurarensa, abin ya auku, sannan a bi wasu 'yan tsiraru har su tsira. A Arewacin Najeriya masu kallo ba su cika damuwa da sunan fim na Turanci ba. Sai dai ka ji an ce "na ruwan nan", ko "na tashin duniya".

Asalinsu

Amurka ce ta raine su. Tun a 1933 aka yi Deluge, inda teku ta cinye birnin New York. A 1936 aka yi San Francisco a kan girgizar ƙasar da ta rushe wannan birni a 1906, sai The Rains Came na 1939, wanda ya haɗa girgizar ƙasa da ɓallewar madatsar ruwa. Amma kasuwarsu ba ta buɗe sosai ba sai a shekarun 1970, da Airport a 1970, da The Poseidon Adventure a 1972, sannan Earthquake da The Towering Inferno, duka a 1974. Don Earthquake har manyan lasifiku aka kafa a wasu gidajen sinima, domin mai kallo ya ji kujerarsa tana rawa. Daga nan abin ya lafa, sai da kwamfuta ta iya zana ruwa da wuta kamar gaske ya sake tashi: Twister a 1996, Dante's Peak da Volcano da Titanic a 1997, Armageddon da Deep Impact a 1998.

Ta ƙofar Indiya suka fara shigo mana

Kallon farko da yawancin mutanen karkara suka sani shi ne majigi, motar gwamnatin Turawa mai yawo gari-gari tana nuna tsafta da noma da labarun mulki. Sinimar kuɗi kuwa ta manyan birane ce. A Kano an buɗe Rex a 1937, daga baya aka sami irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba, yawancinsu fili ne babu rufi, sai dare ya yi ake haska bango.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake shi ba a wannan tarihi. Tun kafin Kanawa su saba da kallon bala'i a bango, bala'in gaske ya riske su a cikin sinima. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu. Da yawa a lokacin sun ɗauki abin a matsayin azabar Allah a kan masu zuwa wurin, kuma wannan tabo ya daɗe a jikin sinima. Shi ya sa ɗan mutunci, balle mace, ba kowa ke yarda a gan shi a ƙofarta ba.

Duk da haka jama'a sun ci gaba da zuwa, musamman da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya. A nan ne Bahaushe ya fara ganin musiba a fim ta taɓa masa zuciya. A Mother India na 1957, wanda aka yi shekaru ana maimaita shi a sinimomin Arewa, ambaliya ta share gari da amfanin gona, ta bar uwa da 'ya'ya cikin yunwa da bashin mai ba da rance da ruwa. Babu manomin da ke buƙatar a fassara masa wannan. Waqt na 1965 da girgizar ƙasa ya fara, wadda ta raba attajiri da matarsa da 'ya'yansa uku. Kaala Patthar na 1979, na Amitabh Bachchan, an ɗauko shi daga abin da ya faru a mahaƙar kwal ta Chasnala a 1975, inda ruwa ya rutsa da ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa. The Burning Train ya biyo baya a 1980. A wajen Indiyawa musiba hanya ce ta gwada zumunci da haƙuri da ƙaddara, kuma da wannan idon ne masu kallonmu suka karɓi na Amurka daga baya.

Zamanin kaset da faifai

Zuru tana kudancin Jihar Kabi, ƙasar Dakarkari ce mai tuddai da duwatsu, nesa da biranen da sinima ta yi kaka-gida. A da tana Lardin Neja, ta zauna cikin Jihar Sakkwato daga 1976, sannan ta shiga Kabi da aka ƙirƙiro a 1991. A irin waɗannan garuruwa, bidiyo ne ya mayar da kallon fim abin yau da kullum. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 akwatin bidiyo ya bazu, aka sami masu hayar kaset, aka sami gidajen kallo: rumfa ko shago, benci-benci, talabijin ɗaya a kan tebur, janareta yana ƙugi a baya. Gidan da ya mallaki bidiyo kuwa, da an kawo wuta yaran unguwa sun cika tsakar gida, wasu suna leƙe ta taga.

Da faifan VCD da DVD suka shigo a shekarun 2000, musamman masu arahar nan da ake cusa finafinai da yawa a faifai guda, finafinan bala'i suka samu shiga ko'ina. The Day After Tomorrow na 2004, inda ƙanƙara ta binne arewacin duniya, da 2012 wanda ya fito a 2009, duka na Roland Emmerich, sun zaga hannuwa. Na biyun ya jawo magana, domin ya zo da jita-jitar cewa duniya za ta tashi a watan Disamba na 2012. Amsar malamai a bayyane take, cewa babu wanda ya san ranar sai Allah. Sai dai ƙarshen fim ɗin, inda aka ƙera manyan jirage aka loda mutane da dabbobi, ba baƙon labari ba ne. A gari irin Zuru, inda Musulmi da Kirista suke zaune wani lokaci a gida ɗaya, kowa ya tashi da labarin Annabi Nuhu da ruwan Ɗufana.

Titanic kuwa ya yi tasirin da har a 2003 aka yi na Hausa mai suna Masoyiyata, na Faruk Ashu-Brown, wanda ya mayar da labarin na mutanen gida. Wannan na daga cikin 'yan lokuta ƙalilan da masana'antar finafinan Hausa ta kusanci wannan fanni. Dalilin a fili yake: rusa birni a fim kuɗi yake ci, ita kuma masana'antar tun daga Turmin Danya na 1990 da ɗan abin hannu take tafiya.

Me ya sa bala'i yake hutar da mai kallo?

Abu na farko shi ne harshe. Mai kallon da bai ji Turanci ba yakan sha wahala da fim ɗin kotu ko na siyasa, amma igiyar ruwa mai tsawon bene ba ta buƙatar tafinta. A gidan kallo an saba raba mutanen fim gida biyu, akta da bos. A nan babu bos, ruwa ne ko wuta, don haka duk ɗakin gefe guda yake, ana salati tare, ana yi wa jarumi ihu ya gudu.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a ganina, nisa. Najeriya ba ƙasar manyan girgizar ƙasa ba ce. Abin da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da unguwar Mpape ta Abuja a 2018 motsi ne kawai. Ba mu da dutse mai aman wuta a yanzu, Arewa kuma ba ta da teku. Masifun da aka sani a nan masu tafiyar hawainiya ne, kamar farin farkon shekarun 1970 da na 1984, da tsadar hatsi da rashin aiki, waɗanda ba su da ranar farawa balle ta ƙarewa. Na fim kuwa cikin awa biyu ya zo ya wuce, uba ya ga 'yarsa, jirgin ceto ya iso. Mutum ya ji tsoron da ba nasa ba, ya fito ya tarar da gari lafiya lau, ya yi hamdala ya nufi gida.

Kewar da ake yi

Yau gidajen kallo sun koma na ƙwallon Turai. Fim ya shige waya, ana zuwa wajen masu turawa a loda, ko a kalla a YouTube, da yawa kuma da fassarar Hausa irin ta Algaita. Samun fim bai taɓa sauƙi kamar yanzu ba, amma kowa shi kaɗai yake kallo. Waɗanda suka girma a zamanin kaset, in suka tuna Titanic ko Twister, abin da suke kewa ya haɗa da taron, da fitar dare ba fargaba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a masarautar Zuru, inda hare-haren 'yan bindiga suka addabi yankunan Danko-Wasagu da Sakaba a shekarun nan.

Nisan nan ma da ke sa kallon ya yi daɗi ya ragu. A 2020 ambaliya ta lalata dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a fadamun Kabi. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife a kogin Kwara kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, da fasinjoji fiye da ɗari. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, sannan ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya share unguwanni a Mokwa ta Jihar Neja, fiye da mutum 150 suka rasu. Hotunan duk waɗannan a waya aka gan su, a wayar da ake kallon fim, kuma mutanen ciki da Hausa da Nufanci da Barbarci suke kuka. Wanda ya ga wannan, da wuya ambaliyar fim ta ba shi nishaɗin da ta ba shi a da.

Wannan bai rage wa tsofaffin finafinan daraja ba. Sun hutar da mutanen da suke buƙatar hutu, kuma babu laifi a kewarsu. Abin da ya rage yana wuyan marubuta da masu shirya finafinai na Kano da Kaduna da Jos. Mother India bai dogara da kwamfuta ba, da labarin uwa ɗaya da gonarta ya kama zukatan mutane har a ƙasar Hausa. Manomin shinkafar Argungu da matuƙin kwalekwalen Yawuri suna da labarai masu wannan nauyi, ya kamata a je a saurare su, a rubuta, a ɗauka.