Iyakar Nauyin Batir da Inbata: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Jona Kaya



'Yan uwa, ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala. Wannan ya sa gidaje da shaguna da masallatai da makarantun Islamiyya da dama suka koma ga batir da inbata, wadda masu sayar da kayan wuta a nan suke kira onduleur ko convertisseur da Faransanci. Sai dai koke-koken kusan iri ɗaya ne: na'urar tana ta kuka tana mutuwa, batir bai kai asuba ba, ko kuma ya lalace bai cika shekara ba. Mafi yawan wannan daga abu ɗaya yake zuwa. Kowane batir da inbata suna da iyaka guda biyu, mu kuma muna saye ba tare da mun san ko ɗaya ba.

Daga ina wutarmu take zuwa?

Mafi yawan wutar kudancin Kamaru daga kogin Sanaga ake samunta, a madatsun Edéa da Song Loulou mai megawat 384, sai Nachtigal mai megawat 420 da aka kammala a 2025. Sonatrel ce ke ɗauke da manyan layuka, rabawa ga gidaje kuma aikin kamfanin da ya ɗauki sunan Eneo ne a 2014, bayan AES-Sonel. Ƙarin madatsu ba ya hana tiransifomar unguwa gajiya idan kaya sun yi mata yawa, kuma ba ya hana ruwan sama da iska tsinka waya. Wutar da ke isowa gidajenmu bolt 220 ce. Batir kuwa galibi bolt 12 yake bayarwa, kuma wutarsa iri dabam ce. Aikin inbata shi ne ta mayar da wutar batir ta zama irin ta bango.

Iyaka ta farko: nawa za ta ɗauka lokaci guda?

Mu ɗauki batir kamar randa, inbata kuma kamar bakin famfon da ke jikinta. Girman randa shi ne yawan ruwan da aka ajiye. Faɗin bakin famfo shi ne yawan da zai iya fita a lokaci guda. Babbar randa ba ta faɗaɗa ƙaramin baki.

Ƙarfin kayan wuta da wat ake auna shi, kuma ana rubuta shi a jikin kowace na'ura da harafin W. Amma inbata da yawa ana rubuta ƙarfinsu da VA, wanda ba daidai yake da wat ba. A galibi inbata mai VA 1000 wat 800 take iya ɗauka, ƙananan da ake yi wa kwamfuta kuwa wasu wat 600 ne kawai. A duba takardar na'urar, a nemi lambobi biyu: puissance nominale, wato abin da za ta riƙe tsawon lokaci, da puissance de crête, wato abin da za ta jure na 'yan daƙiƙu. Wasu masu araha lamba ta biyun suke bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ta farkon ita ce gaskiyar ƙarfinta.

Ko ita ɗin ma ba a cika ta. Masu aikin wuta suna barin kusan kashi ɗaya cikin huɗu a matsayin rara. Mai wat 800, kada a wuce wat 600 a kanta na tsawon dare.

Ga ƙiyasin abin da kayan gida suke ci, amma abin da ke rubuce a jikin naka shi ne hujja:

Ƙwan fitila na LED: wat 7 zuwa 12.
Cajar waya: wat 5 zuwa 20.
Fankar ƙasa: wat 40 zuwa 60. Fankar sama: wat 60 zuwa 75.
Talabijin da dikoda: wat 60 zuwa 100.
Ƙaramin firji: wat 100 zuwa 150.
Dutsen guga: wat 1000 zuwa sama.
Butar dafa ruwa: wat 1500 zuwa 2000.

A lura, duk abin da aikinsa zafafawa ne, shi ne babban maƙiyin batir. Dutsen guga ɗaya ya fi ƙwai ɗari cin wuta.

Fizgar farko

Kayan da ke da inji a cikinsu, kamar firji da firiza da injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, suna fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin tashi, ninki uku zuwa bakwai na abin da suke ci bayan sun daidaita. Firjin wat 120 yana iya fizgar wat 600 ko fiye na ɗan lokaci kaɗan, kuma yana maimaita haka duk sanda injinsa ya sake tashi. Shi ya sa za a ga komai na tafiya lafiya, can tsakar dare inbata ta yi ƙara ta mutu ba wanda ya taɓa komai. Irin waɗannan kaya kuma suna son inbata mai fitar da wuta santsi irin ta bango, wadda ake rubuta pur sinus a jikinta. Ɗaya irin mai araha tana sa inji gurnani da zafi.

Iyaka ta biyu: awa nawa zai yi?

A jikin batir ana rubuta bolt da kuma Ah. Idan aka ninka su, a samu abin da ke cikin randar. Batir mai bolt 12 da Ah 100 yana ɗauke da wat-awa 1200. Amma ba duka ne namu ba. Batirin dalma, na ruwa ko na gel, rabinsa kawai ake sha idan ana son ya daɗe, saura 600 ke nan. Ita ma inbata tana cin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a wajen aikinta. Abin da zai iso ga kayanmu wajen wat-awa 500 ne. Batirin litiyom ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, kuma ya fi daɗewa.

Misalin gida: fanka 2 wat 100, ƙwai 5 wat 50, talabijin da dikoda wat 75, waya 4 wat 40. Jimla wat 265. A raba 500 da 265, awa biyu ma ba ta cika ba. Amma in aka bar fanka ɗaya da ƙwai uku da waya biyu, wato wat 100, batirin nan zai kai awa biyar. Rage kaya ya fi ƙara batir sauƙin kuɗi.

Akwai kuma wani abu: lambar Ah ta batirin dalma galibi an auna ta ne a kan sha a hankali na awa 20. Idan aka fizge shi da ƙarfi, abin da zai bayar bai kai lissafin ba.

Misalin masallaci

A waɗannan shekaru azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Duwala ya fi tsanani. Mu ce masallacin unguwa yana da fankar sama 6 a wat 70, wato 420, ƙwai 10 wat 100, amfilifaya ta lasifika wat 150. Jimla wat 670. Inbata mai wat 800 ta yi kaɗan da zarar an bar rara, sai a nemi mai wat 1000 zuwa sama. Isha'i da tarawihi na awa biyu za su ci wat-awa 1340. Idan aka sa asarar inbata, aka kuma tuna rabin batir ake sha, ana buƙatar ajiyar wat-awa 3200 ko kusa. Batir biyu masu Ah 150 kowanne za su bayar da 3600. Wannan bai haɗa da tahajjud da asuba ba idan wuta ba ta dawo ta yi caji ba. Kwamitin masallaci ya yi wannan lissafi a takarda kafin ya taɓa kuɗin jama'a, domin amana ne. Kuma ya dace a ware layin lasifika dabam, don kada yawan fanka ya katse karatun liman.

Me ke faruwa idan aka wuce iyaka?

Inbata mai kyau tana yin ƙara, ta kunna jar fitila, sannan ta kashe kanta. Wannan kariya ce, ba lalacewa ba. Kuskure shi ne a riƙa kashewa ana kunnawa ba a cire komai ba, ko a sa waya a madadin fis ɗin da ya ƙone. Daga nan sai kayan cikinta su ƙone.

Haɗari mafi girma yana tsakanin batir da inbata. Dutsen guga mai wat 1000 amfiya biyar ma bai kai ba a wutar bango, amma a ɓangaren bolt 12 yana jan kusan amfiya 100. Irin wannan yana buƙatar gajeriyar waya mai kauri, milimita murabba'i 25 ko 35, ba irin mai 2.5 da ake sa wa soket ba. Siririyar waya ko kan batir da bai ɗauru sosai ba zai yi zafi har roba ta narke. Shi ya sa manyan tsare-tsare suke amfani da bolt 24 ko 48.

Alamomin da ba a wasa da su: warin ƙonewar roba, soket ya yi baƙi, waya ta yi zafi a hannu, batir ya kumbura ko yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da an ga ɗaya, a kashe komai a kira mai aikin wuta.

Yanayin garinmu

Batirin dalma an yi shi ne don zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Duwala ya wuce haka nesa. A ajiye shi inda iska ke shiga, domin batirin ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta yayin caji. Kada ya kwana kusa da tukunyar gas ko murhu, ko ƙarƙashin gadon yara. A ɗaga shi sama da ƙasa saboda ambaliyar damina, a riƙa goge kawunansa saboda danshi yana kawo tsatsa. Kada a haɗa sabo da tsoho, ko masu girma dabam, domin rarraunan zai ja mai ƙarfin ƙasa.

Haƙƙin maƙwabci

Gidajenmu a manne suke da juna, wasu na katako ne, lungunanmu kuma motar kashe gobara ba ta shiga cikinsu da sauƙi. Gobarar ɗaki ɗaya ta layi guda ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da a riƙa kashe wuta kafin barci. Darasin yana nan har yau: abin da ba a buƙata cikin dare, a cire shi daga soket.

A gidan haya da ɗakuna da yawa ke shan batir ɗaya, a zauna a yi yarjejeniya a kan abin da kowa zai jona. Wanda ya sa dutsen guga a ɓoye ya jefa kowa cikin duhu, kuma ya ci daga rayuwar batirin da aka haɗa kuɗi aka saya. Haka nan kada a jona inbata kai tsaye ga wayoyin gida ba tare da makunnin da ke raba ta da layin kamfani ba, domin wutarta tana iya komawa waje ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan fal-waya. Cajin batir da wutar da aka ja ta bayan mita kuwa cin abin da ba naka ba ne, ko da an yi karatun Alƙur'ani da haskensa.

Kafin a je kasuwa

A rubuta kowane kaya da wat ɗinsa, a tara. A ƙara rara, a tuna da fizgar firji: wannan shi ne girman inbata. A ninka jimlar da awannin da ake so, a ƙara asarar inbata, sannan a ninka biyu in batirin dalma ne: wannan shi ne girman batir. A sa fis kusa da batir, a ware 'yan soket na inbata a yi musu alama don yara da baƙi su gane. A karɓi rasit da takardar garanti. Ɗalibanmu da suka iya lissafi su taimaka wa iyaye da limamai da wannan, sadaka ce.

Allah Ya kare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya sanya albarka a abin da Ya hore mana. Amin.