Daga Windows 10 zuwa Windows 11: wace hanyar girkawa ta dace?

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Saboda haka ofisoshi da ƙungiyoyi da yawa suna komawa ga Windows 11, wadda ta fito a shekarar 2021. Kafin a fara, wajibi ne a tabbata kwamfutar za ta iya ɗaukar ta: tana bukatar aƙalla RAM gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita.

Lokacin girkawa, shirin yana tambayar abin da ake so a bari. Zaɓi na farko yana barin takardu da manhajoji duka a inda suke. Shi ya fi dacewa da kwamfutar ofis mai lafiya, musamman wadda ke ɗauke da manhajar lissafin kuɗi da sake samun ta ke da wuya. Yana kuma ba da damar komawa ga tsohuwar Windows cikin kwana 10, muddin ba a goge jakar Windows.old ba. Aibinsa ɗaya: duk matsalar da ke cikin tsohon tsarin tana iya biyo sabon.

Na biyu yana barin takardu kaɗai, manhajoji kuwa sai an sake girka su. Na uku ba ya barin komai. Wannan na ƙarshe shi ne shawararmu ga kwamfutar da aka saya hannu na biyu, ko wadda ƙwayar cuta ta kama.

Akwai tarkon da ya kamata a sani. Idan kwamfutar ta zo da Windows ta Ingilishi, aka kuma kawo ta Faransanci a kan filashi, shirin ba zai yarda da zaɓi na farko ba, domin sai harshen biyun ya zama ɗaya. A duba wannan tun kafin a sauko da ita daga intanet.

Kowace hanya aka zaɓa, a fara kwafe takardu zuwa wani wurin ajiya na daban, a buɗe wasu daga ciki don a ga sun kwafu. Kada kuma a fara aikin sai batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa tana iya hana kwamfutar tashi.