Diyyar Hatsarin Motar Haya: Haƙƙin da Ya Girmi 'Yancin Kanmu



Idan motar haya ta yi hatsari, mukan je dubiya ko gaisuwa, mu ce ƙaddara ce, shi ke nan. Alhali haƙƙin diyya ya girmi 'yancin kan Nijeriya.

A 1930 Ingila ta wajabta wa masu motoci inshorar da za ta biya wanda aka yi wa lahani. A 1945 Turawan mulki suka kafa irin wannan doka a Nijeriya, lokacin da manyan motoci ke ƙaruwa a hanyoyinmu. Ta hana tuƙa mota babu wannan inshora, kuma ta haɗa da fasinjan da ya biya kuɗin mota, ko rauni ya samu ko rasuwa ya yi. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, a 1997 kuma hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora.

To ina gizo ke saƙar? Wasu direbobi takardar bogi suke saya don wuce shingen 'yan sanda. Mu kuma kunya da rashin sani kan sa mu yafe abin da na marayu ne.

Tawakkali bai hana neman haƙƙi ba. Musulunci kansa ya wajabta diyya a kisan kuskure. Mu riƙe lambar mota, rahoton 'yan sanda da rasitan asibiti, sannan mu nemi lauya da wuri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi.

Allah Ya tsare mu. Sai mako mai zuwa.