Matsalar Madogara da Lafazi wajen Rubuta Tarihin Shehu Usmanu

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, ya rasu a Sakkwato cikin 1817, lalle ya fara da littattafai uku na mutanen gidansa. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri cikin 1812, ƙanensa Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati cikin 1813, sa'an nan surukinsa Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tara labaran karamominsa cikin Raulul Jinani. Dukansu amintattu ne, amma ba abu guda kowannensu ya nufa ba, nan kuwa wahalar mai tace rubutu take.

Labarin Magami ya isa misali. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a can ran Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓa. Abdullahi yana wurin, ya gani da idonsa, amma iyakar abin da ya rubuta shi ne Shehu ya roƙi waɗansu al'amura na tsai da addini, sarki ya amsa. Bai lissafa su ba. A ruwayar Giɗaɗo ne roƙon ya fito guda biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Yau kusan kowane littafin makaranta biyar ɗin nan yake kawowa, ba ya faɗin daga bakin wa suka fito. Ba a ce Giɗaɗo ya ƙara kome ba, gama ya daɗe cikin jama'ar Shehu, ya ji daga manya. Amma gani ya kori ji, ya kamata malamin horon malamai ya nuna wa almajiransa wanda ya gani da wanda aka gaya wa.

Maganar lafazi ta fi wannan nauyi. Sa'ad da E. J. Arnett ya buga taƙaitaccen fassarar Infaƙul Maisuri da Turanci cikin 1922, sai ya sa masa sunan da ke nufin tasowar Fulanin Sakkwato, alhali kuwa Bello tarihin ƙasar Takruru ya ce yana rubutawa. Da wannan suna mai gyaran addini ya koma shugaban kabila. Cikin 1967 littattafai biyu suka fito shekara guda: H. A. S. Johnston ya kira abin daular Fulani, Murray Last, wanda ya yi bincike a hannun Waziri Junaidu, ya kira shi halifanci. Kalmar Last ce ta zauna a bakin masana, ko da yake ita ma tana da nata aibin, don takan sa a ɗauka al'amura duka sun tafi bisa littafi.

Dalilin ƙin kalmar farko ba boyayye ba ne. Abdussalami, wanda kama mutanensa na Gimbana ya hanzarta hijirar 1804, Ba'are ne, Yaƙubu na Bauci kuma ba Bafulatani ba ne. A ƙasar Kano ma, Ɗan Tunku da ke zaune a Ɗambatta ya taimaki jama'a lokacin jihadi, amma da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano cikin 1819 ya ƙi binsa, aka yi shekaru ana gwabzawa, Bafulatani da Bafulatani, har Sarkin Musulmi Bello ya raba su, Kazaure ta zama masarauta mai zaman kanta.